Makullin Ɗaki Na Biyu

Dakta ya tumɓuke shukar wake ta goma sha ɗaya, ya karkaɗe ƙasar da ke jikinta, ya ɗaga saiwar saitin haske yana ƙanƙance ido kamar mai zura zare a allura. Wayam. Saiwa ce fara tas, sumul, ko ƙulli ɗaya babu a jikinta. Ya kwantar da ita kusa da 'yan'uwanta goma a kan tebur, ya jawo littafinsa ya zana sifili. Hannunsa ya saba da sifilin nan har ba ya bukatar ya kalli takarda.

"Yallaɓai, a ɗan ɗaga mini ƙafa."

Mai gyaran famfo ne, wani siririn dattijo mai furfura har a gira, wanda aka turo tun da safe saboda ruwan da ke tsiyaya a ƙarƙashin teburin. Dakta ya ɗaga ƙafa ɗaya, ya ci gaba da hararar saiwoyinsa a haka.

Ɗakunan gilashi biyu ne a bayan cibiyar binciken shuke-shuke, manne da juna, bango ɗaya ya raba su. Girmansu ɗaya, rufinsu ɗaya, rana ɗaya ke dukansu. Shekara goma sha tara da suka wuce aka ɗauki samari biyu aiki a rana ɗaya, aka ba kowa ɗaki, aka ba kowa buhun wani baƙin gari. A cikin garin nan akwai wasu 'yan mitsi-mitsin halittu da ido ba ya gani. In aka kwaɓa shi da ruwa, aka shafe irin wake da shi aka shuka, sai halittun su shige cikin saiwa, su yi 'yan ƙulle-ƙulle su zauna, su riƙa ciyar da shukar. Baƙi ke nan masu ciyar da mai masauki. Manomi ya huta da neman taki. Abin da littafi ya ce ke nan.

A ɗaki na ɗaya, abin da littafi ya ce shi ya faru. Saiwoyi suka fito da ƙulle-ƙulle reras kamar an jera musu duwatsun wuya. Mai ɗakin ya rubuta, aka buga, aka kira shi taro, ya hau jirgi, ya sauka ya sake hawa. Kafin a ankara ya yi tumbi, ya yi sanƙo, ya zama Farfesa.

A ɗaki na biyu kuwa baƙin nan sun ƙi sauka. Dakta ya canza ƙasa, ya canza iri, ya canza tukwane. Ya hau tsani ya wanke gilashin rufi da hannunsa. Wata shekara har cokalin da Farfesa ke kwaɓa gari da shi ya ara, bai mayar ba har yau. Kowane ƙarshen shekara rahotonsa da kalma biyu yake ƙarewa, har kalmomin suka zama sunansa. Daga mai gadi zuwa Darakta, a bayan idonsa kowa Dakta Saura Kiris yake ce masa. Wasu ma ba sa jiran ya juya baya.

To, yau kiris ɗin ya ƙare. Takarda na nan a aljihunsa: ƙarfe biyu na rana kwamiti zai zauna, kuma sabuwar Darakta ta riga ta rubuta abin da take so a amince da shi. A rufe ɗaki na biyu a mayar da shi ma'ajiyar karyayyun kujeru, shi kuma Dakta a tura shi ofishin adana takardu da ke ƙarƙashin bene, inda ko taga babu. Mutumin ƙarshe da aka tura can, sai da ya yi wata uku da yin ritaya kafin wani ya lura.

Mai famfo ya fito daga ƙarƙashin tebur yana dafe ƙugu. Ya murɗa famfo ya ga ya daina yoyo, ya wanke hannu, sannan ya tara tafinsa ya kai baki.

"Kai! Kai! Malam!" Dakta ya daka tsawa. "Ba ka ga allo ba?"

Allon na nan saman ƙofa da jan fenti: BA A CI, BA A SHA A NAN. Irinsa ne a kowane ɗakin bincike na ginin, kuma masu farar riga suna tsoronsa fiye da yadda suke tsoron Darakta.

"Na gani, yallaɓai. Na ɗauka ku aka rubuta wa." Dattijon ya yamutsa fuska, ya tofar. "Ai ko ba ka hana ni ba, ba na ƙarawa. Ruwanka ba daɗi. Na maƙwabcinka ya fi shi nesa ba kusa ba."

"Ruwa ɗaya ne."

"A'a."

"Malam, layi ɗaya ne ya shigo ɗakunan nan biyu. Yana cikin taswirar ginin. Na gani da idona."

"To, ni dai ban sha taswira ba, yallaɓai, ruwa na sha." Ya goge baki da hannun riga. "Shekara arba'in ina aikin nan, ban taɓa gyara famfo na tafi ban ɗanɗana ba. Naka ruwan hukuma ne, har warin maganin nan yake yi. Kuna kusa da inda ake zubawa, shi ya sa ya yi ƙarfi. Na can kuwa daga rijiyar burtsatsen gidajen ma'aikata yake. Ɗazu na bi bututun da ƙafata har bayan katanga. Wanda ya yi aikin tun farko ya ga nan ya fi masa kusa, ya jona abinsa, ya tafi gida bai gaya wa takarda ba. Mun san halinmu."

Dakta ya matso kusa. "Wane magani ka ce?"

"Wanda ake zubawa don ya kashe ƙwayoyin cuta mana. Ai kai ya kamata ka gaya mini sunansa. Duk wani ɗan mitsitsin abu da ya faɗa ruwan nan, ya gama yawo."

Akwai wani bokiti a kife a kusa. Dakta ya zauna a kansa a hankali. Shekara goma sha tara yana kwaɓa baƙin garin nan da ruwan famfon nan, yana shafe iri, yana shukawa, yana jiran baƙi su sauka. Ashe tun a kwano yake yi musu wankan ƙarshe. Kuma ba wai ba a gwada ruwan ba. Duk shekara ana gwadawa. Amma tunda a takarda layi ɗaya ne, sai a ɗiba a famfon da ya fi kusa da ƙofar waje, na ɗaki na ɗaya, a buga sakamakon kofi biyu, a manna wa kowace ƙofa nata. Ga nasa can a manne, da hatimi da sa hannu, yana cewa ruwa lafiya lau.

"Amma kar ka damu," in ji mai famfo yana tattara sifanunsa cikin jaka. "In an ci abincin rana zan fara babban aikin, kowa ya huta."

Dakta bai ji shi ba. Ya riga ya miƙe yana buɗe durowa. Ya samo kofuna biyu da wata 'yar kwalbar gwaji mai tona asirin maganin nan in yana cikin ruwa, ya cika kofi ɗaya a famfonsa, ya zagaya ɗaki na ɗaya ya cika ɗayan. Ya ɗiga musu maganin kwalbar. Na Farfesa ya tsaya garau. Nasa ya rine ya zama ruwan hoda, kamar yana jin kunya.

Mutum na farko da ya kira matarsa ce. Tana shagonta na ɗinki, yana jin ƙarar keke ta waya.

"Maman yara, tsayar da keken nan. Ruwa ne!"

"Ruwa ne me? Ka bar famfon gida a buɗe?"

Ya kwashe labari ya gaya mata, yana yi yana haɗiye rabin kalmomi. Da ya kai ƙarshe sai ya ƙara da cewa: "Kin gani? Na sha gaya miki ba kaina ne ba ya ja ba. Rashin sa'a ne. Ranar da aka ɗauke mu, tsohon Darakta ya zuba makullai biyu a hularsa ya ce kowa ya sa hannu ya ɗauka. Shi ke nan fa. Hannu ɗaya cikin hula. Da makulli na ɗaya na ɗauko, da yanzu ni ne Farfesa, ke kuma da kin gaji da zuwa filin jirgi."

Keken ya tsaya.

"Baban yara."

"Na'am."

"Ai na ɗaya ka ɗauko."

"Ban gane ba."

"Na ɗaya ka ɗauko, ka musanya. Ka manta? Lokacin kana zuwa zance wurina da jan babur ɗin nan naka. Ka zo ɗaukata da rana, kujerar ta yi zafi har na yi tsalle, na ce ba na ƙara hawa. Washegari aka raba makullai, ka zo kana ta washe baki, wai ka yi wa abokinka wayo, ka karɓe ɗakin da ke da bishiya a ƙofa, babur ya samu inuwa."

Dakta ya waiga ta gilashi. Bishiyar na nan, ta yi girma ta yi rassa, tsohuwar motarsa na fake a ƙarƙashinta cikin sanyi.

"Ba haka aka yi ba," ya ce, amma a ciki-ciki.

"Har ka ce mini shi ba shi da wayo, karatu kawai ya iya."

"To ai ke kika jawo! Ke kika ce kujera ta ƙona ki!"

"Ni na ce kujera ta yi zafi. Ban ce ka sayar da farfesanci ka saya mini inuwa ba." Ta ƙyalƙyale da dariya har tana tari. Da ta lafa sai ta sassauta murya. "Amma fa ban ƙara ƙonewa ba, wannan kam na shaida. Je ka wurin kwamitinka. Ka gyara wuyan rigarka, na san ya karkace."

Ya taɓa wuyan rigar. Ya karkace ɗin.

Ƙarfe ɗaya da rabi ya hau bene riƙe da kofuna biyu na sabon ruwa, kwalbar gwaji a aljihu. Ofishin Farfesa na ƙarshen baranda, da kafet da na'urar sanyaya ɗaki da hotunansa yana gaisawa da mutane masu kwat. Ya same shi tsaye gaban taga yana bitar jawabin da zai yi wa sababbin ɗalibai, hannu ɗaya a sama.

"...domin a kimiyya babu wani abu wai shi sa'a. Akwai aiki tuƙuru, akwai kula, akwai... A'a, mutumina! Shigo. Ka ji wurin nan, ya yi ko in ƙara masa gishiri?"

"Ya yi. Sha wannan."

"Mene ne?"

"Ruwa. Nan ba ɗakin bincike ba ne, babu allo. Sha."

Farfesa ya kurɓi na farko ya ɗaga kafaɗa. Ya kurɓi na biyu ya ɓata fuska. Dakta ya ɗiga maganin a gabansa, suka tsaya suna kallon kofi ɗaya yana rinewa. Sannan ya gaya masa komai, da rijiyar burtsatse da taswira da dattijon da ba ya karanta allo. Zancen babur ne kawai ya tsallake.

Ya zaci gardama. Farfesa mutum ne da zai iya yin awa guda yana musu a kan ko ƙarfe nawa ne. Amma sai ya ga ya ja kujera ya zauna, ya cire tabarau, ya shafa sanƙonsa tun daga goshi har ƙeya.

"Rufe ƙofar nan," ya ce.

Dakta ya rufe.

"Ka san wurare nawa aka gwada hanyata? Ashirin da shida. Ta yi aiki a goma sha huɗu. Sauran sha biyun, in suka rubuto suna tambaya, sai in ce ba su iya kwaɓawa ba. Har bidiyo na yi ina nuna yadda ake juya cokali." Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. "Wallahi mutumina, duk taron da na je, in na ga wani ya ɗaga hannu daga baya, sai cikina ya ɗuri ruwa. Ina jiran ranar da wani zai ce, Farfesa, me ya sa take yi a nan ba ta yi a can? Ban sani ba. Shekara goma sha tara ban sani ba. Kai kana ganin tumbi, ba ka san abin da ke cikinsa ba."

"Ka bar ni ina aron cokali."

"Ai na ɗauka ko cokalin ne! Shi ya sa ban taɓa cewa ka dawo da shi ba, ina jira in ga ko zai yi maka aiki."

Suka kalli juna. Dakta ne ya fara, Farfesa ya kama, suka yi ta dariya har sakatariya ta leƙo ta koma.

"Sha biyun nan," in ji Dakta yana share ido, "ina tabbatar maka ruwan famfo suke kwaɓawa da shi."

"Sha huɗun kuma ƙauyuka ne masu rijiya." Farfesa ya mayar da tabarau, idonsa ya fara ƙyalli irin na da. "Littattafanka fa? Ka ajiye su?"

"Duka. Sifili dubu nawa, kowanne da ranarsa da awarsa."

"To ai ba sifili ba ne yanzu. Iri ɗaya, ƙasa ɗaya, rana ɗaya, bango ɗaya, ruwa ne kawai ya bambanta, har shekara goma sha tara. Wa zai iya shirya gwaji irin wannan da gangan? Ba mai wannan haƙurin sai wanda bai san yana yi ba. Tashi mu je."

Darakta mace ce mai son a gama taro kafin shayi ya huce. Ta zauna a gaban tebur da mutum huɗu na kwamiti, takardar rufe ɗaki na gabanta, biro a buɗe. Ta bar Dakta ya yi magana don kada a ce ba a ba shi dama ba. Da ya ɗiga magani kofi ya rine, sai ta ajiye biron. Da Farfesa ya miƙe ya ce shi ma ya sa hannu a maganar, sai ta mayar wa biron murfinsa.

"Dakta, yaya aka yi ka gano wannan?"

Dakta ya gyara tsayuwa. Ya ji wata murya mai kama da ta Farfesa tana fitowa daga bakinsa. "Ranki ya daɗe, bayan dogon nazari da bin diddigi na shekaru..."

Farfesa ya yi tari.

"...sai mai gyaran famfo ya sha ruwan."

"Ya sha? A ɗakin bincike?" in ji wani ɗan kwamiti, wanda shi ya sa aka rubuta allunan. "Wannan ai karya doka ne."

"Za mu rubuta masa takardar gargaɗi," in ji Darakta ba tare da ta kalle shi ba. "Dakta, kofi biyu ba hujja ba ne. Me kake bukata?"

"Wata shida, ranki ya daɗe, da ɗakunan biyu yadda suke. In kwaɓa da ruwansa in shuka a ɗakina, ya kwaɓa da nawa ya shuka a nasa. A kira mutanen waje su ɗebi ruwa a famfunan biyu da hannunsu. Muddin bututun nan biyu na nan yadda aka same su, kowa zai iya zuwa ya gani. Su ne shaidarmu."

Darakta ta jawo wani fayil ta buɗe, ta bi shi da yatsa, ta ɗago.

"Wane mai famfo ka ce?"

"Wani dattijo, siriri."

"Shi na sa wa hannu jiya. Ba yoyo kaɗai aka kira shi ya gyara ba. An ce ya cire duk tsofaffin bututun ƙarfe na bayan ginin, ya ja sabon layi ɗaya na roba kamar yadda taswira ta nuna." Ta kalli agogo. "Ya ce zai fara bayan abincin rana."

Ƙarfe uku saura kwata.

Ma'aikatan cibiyar sun daɗe suna ba da labarin abin da suka gani ranar. Dakta ne a gaba, farar riga na tashi a bayansa, yana tsallake matakala bibbiyu. Farfesa na biye, hannu ɗaya riƙe da tumbi, ɗaya riƙe da tabarau, yana kiran "Malam! Malam!" tun daga hawa na biyu, inda ba mai jin sa sai tantabaru. Mai gadi ya ga manya na gudu, bai tambayi dalili ba, shi ma ya ruga, amma ta ƙofar fita.

Suka zagaya bayan ɗakunan gilashi. Ga rami an tone a gindin katanga, ga tsohon bututu a fili ya yi tsatsa, ga sabon na roba a naɗe a gefe. Wani siririn ruwa na tsartuwa sama daga jikin tsohon, rana na wasa da shi. Mai famfo na zaune a bakin ramin ya miƙe ƙafa, zarto a cinyarsa.

"Kar ka yanke!" in ji Dakta, da abin da ya rage masa na numfashi.

"Ai ko ina so ba hali, yallaɓai." Dattijon ya ɗaga zarton. Bakinsa ya karye gida biyu, rabi na lilo. "Ƙarfen da ne, ba irin na yanzu ba. Saura kiris in raba shi, bakin zarton ya ce ga garinku nan. Na je sito a ba ni wani, aka ce mai makullin ya tafi kai matarsa asibiti awo. Shi nake jira."

Farfesa ya iso, ya dafa katanga yana haki. Dakta ya durƙusa a bakin rami, ya sa babban yatsa ya toshe tsagar, ruwan rijiya mai sanyi ya bi hannun rigarsa har gwiwar hannu.

"Za ka iya ɗaure shi?"

"In ɗaure abin da aka ce in cire?"

"Za a canza takardar."

"To. Ku ne masu takarda." Ya jawo jakarsa, ya zaro wani yankin robar taya da waya. "Ɗaga yatsan. Amma fa ku sani, aikin banza ne. Da kun bar ni na haɗe muku, da kowa ya samu ruwa iri ɗaya, ba mai ƙorafi."

"Da kowa ya zama ni," in ji Dakta.

Kafin ƙarfe huɗu Darakta ta sauko da kanta, ta leƙa rami, ta leƙa ɗakunan biyu, ta tsaya a gaban saiwoyi goma sha ɗaya da ke kwance a tebur. Ta ce wata shida, ba ƙari ko kwana ɗaya, karyayyun kujeru kuma su ci gaba da zama inda suke. Dakta ya ce wa mai famfo yana so ya rubuta sunansa cikin takardar da za a buga. Dattijon ya tambaya ko takardar na zuwa da bakin zarto. Aka ce a'a. Ya ce to a fara samo masa bakin zarton, sunan ya biyo baya.

Da aka tashi aiki, Dakta na kulle ɗakinsa, sai ga Farfesa ya zo ya tsaya kusa da shi a inuwar bishiya, yana jujjuya wani abu a hannu.

"Mutumina, na yi tunani. An zalunce ka. Shekara goma sha tara kana fama da mataccen ruwa, ni ina can ina shan daɗi." Ya buɗe tafinsa. Makulli ne, da ƙaramin ƙarfe mai lamba ɗaya a jiki, ya goge don tsufa. "Dama naka ne tun farko, in ka tuna. Karɓi abinka. Ni sai in ɗan lallaɓa da na biyun, da littattafan da ke ciki, in rage maka wahala."

Dakta ya kalli makullin. Ba daren da bai yi mafarkinsa ba a shekarun nan. Ya kalli ɗaki na ɗaya, wakensa kore shar har rufi. Ya kalli nasa, 'yan tsirarun shuke-shuke masu rawayan ganye, da tulin littattafai cike da sifili, waɗanda tun ƙarfe biyu na ranar nan kowa ke son ya karanta. Sannan ya kalli Farfesa, wanda ke kallon sama kamar ba ruwansa.

"Har yanzu karatu kawai ka iya," in ji Dakta.

Ya jefa makullin ɗaki na biyu cikin aljihu, ya sa wa aljihun maɓalli. Ya buɗe motarsa ya shiga. Kujerar na da sanyi.

"Cokalina fa?" Farfesa ya ɗaga murya.

"Saura kiris in gama da shi," in ji Dakta, ya tayar da mota.